Amsa ga Hajiyar da ɗiyarta ke son shiga Peace Corps

Hajiya ina gaisuwa, ya gida ya yara, ya kuma sanyin wajenku. Na ga tambayarki, kin ce ɗiyarki da aka haifa a Amurka ta kusa gama jami'a kuma ta kafe sai ta shiga Peace Corps an turo ta Afirka ta koyar da Ingilishi shekara biyu, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya, kina so ki san wace irin rayuwa suke yi kullum, ina za ta kwana, me za ta ci, wa zai duba ta in ta kwanta ciwo. Ni malamin Ingilishi ne, na daɗe ina koyarwa a kwalejojin karkara cikin jihar Maraɗi, na yi aiki makaranta ɗaya da irin waɗannan yara, kuma na taɓa shiga cikin masu koya musu Hausa in sun sauka, to bari in faɗa miki abin da na gani ba ƙari ba ragi.

Da farko dai ki sani ba ƙungiyar wasu mutane ba ce haka kawai, hukuma ce ta gwamnatin Amurka, Shugaba Kennedy ya kafa ta ranar 1 ga Maris 1961, kuma rukunin farko da suka fita Ghana suka sauka a ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, yawancinsu malaman makaranta. Najeriya ma a 1961 aka fara kai su, mu nan Nijar a 1962, kuma waɗanda suka fara zuwa mana Ingilishi suka zo koyarwa. Sama da mutum 3,000 suka yi aiki a Nijar kafin a kwashe su a watan Janairun 2011 bayan sace wasu samari biyu 'yan Faransa da aka yi a wani gidan abinci a Yamai. Tun daga nan ba su dawo ba, Najeriya kuwa tun tsakiyar shekarun 1990 aka rufe. Saboda haka kar ki sa ran za a kawo ta gida kusa da dangi, in wannan yanki ne sai dai irin su Benin ko Togo ko Kamaru, Ghana kuwa da yake da Ingilishi ake karatu can sun fi neman masu lissafi da kimiyya. Yanzu mai nema yana iya zaɓen ƙasar da yake so tun wajen cika takarda, da ba haka ba ne, inda aka jefa ka nan za ka. Abin da zan ba ki labari na Nijar ne, amma ƙasashen da Faransa ta rena tsarin lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, kusan ɗaya ne, kuma tsarin hukumar ma bai canza sosai ba.

Wata 27 ne gaba ɗaya, wata uku na horo sannan shekara biyu na aiki. Mu a lokacin a Hamdallaye ake yin horon, wani gari kusa da Yamai, kuma tun satin farko ake raba su gidajen mutane, kowane yaro da gidan da zai zauna, a raɗa masa suna irin namu, ya ci abin da aka dafa a gidan, ya yi wanka da bokiti, ya koyi tsuguno a salga, ya koyi wankin hannu. Da safe har yamma kuma darasin harshe ne, Hausa ko Zabarmanci gwargwadon inda za a kai mutum, masu koyarwa a lakwal kuma ga Faransanci a kai, sai darasin lafiya, yadda ake tace ruwa a ɗiga masa jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama mutum, sai gwajin koyarwa da yaran gari lokacin hutu ana zaune a bayan aji ana duba su. Sai wanda ya kai matakin harshe da ake so ake rantsarwa. Wannan wata ukun yana da wuya amma suna tare da 'yan uwansu, ana dariya ana kuka tare, wuyar gaske tana farawa ne ranar da motar ofishin Peace Corps ta sauke yarinya a garinta da akwatinta da katifa da murhun gas da keke, direba ya yi sallama ya juya.

Gidan da ake ba su gari ne ko makaranta ke samarwa, ofis ya zo ya duba kafin a kawo mutum, dole ya zama da ƙofa mai kulle da taga mai waya da makewayi nata ita kaɗai, galibi ɗaki ɗaya ko ciki da falo a cikin gidan wani dattijo ko jikin gidansa. Wani garin akwai lantarki wani babu, ruwa kuma ko famfon unguwa ko rijiya, a biya mai ga-ruwa ya zuba a randa. Da bazara ba mai iya kwana cikin ɗaki, tsakar gida ake fito da gado a ɗaura sange a kwana a waje kamar kowa. Zamanin da na sani rediyo ne abokin hira da wasiƙa mai yin sati uku ko wata a hanya, yanzu kam da waya da WhatsApp da ɗan faifan sola za ki riƙa jin muryarta, wannan ya rage wa iyaye zullumi sosai.

Ranar aiki kuwa, kiran assalatu da carar zakara da ƙarar daka su za su tashe ta ko ba ta so. Ta ɗan karya da kunu da ƙosai ko burodi da shayi, ta hau keke ko ta taka, kuma tafiyar minti goma sai ta ci rabin awa saboda gaisuwa, don ba ta isa ta wuce tsofaffi a ƙofar gida ko mai tebur ko matan bakin rijiya ba ta tsaya an yi ina kwana ina gajiya ya baƙunta ba. Ƙarfe takwas an shiga aji. A nan ne nake so in ɗan daɗe, don yawancinsu da hoton wani aji daban suke zuwa a kai. Aji ɗaya yara sittin, saba'in, wani lokaci fiye, uku ko huɗu a benci guda, in ajin zana ne ma wasu a ƙasa ko kan bulo, littafi kuwa in an samu 'yan kaɗan ne ake rabawa layi layi, wani ajin na malami ne kaɗai, saboda haka allo da alli su ne komai, duk abin da kake so yaro ya tafi da shi gida sai ka rubuta ya kwafa, kuma kwafar nan kaɗai tana cinye kusan rabin lokacin. A tsarinmu sai yaro ya shiga kwaleji ajin sizyam, wato ajin farko, yake fara Ingilishi, ya yi shekara huɗu zuwa turwazyam, ajin ƙarshe, inda ake jarrabawar BEPC ta gama kwaleji. To ki duba yaron sizyam ɗin nan, a gida Hausa yake yi ko Fulatanci ko Tamajak, a makarantar allo Larabci, a firamare an yi masa shekara shida da Faransancin da har yanzu bai zauna masa ba, yanzu kuma ga wata baƙuwa ta zo da harshe na huɗu tana magana ta hanci da sauri. Makonnin farko ba abin da suke ji, ita ma in suka yi magana ba ta ji.

Akwai wata yarinya da muka yi aiki tare, satinta na biyu ta ce yara su juya benci su zauna rukuni rukuni su yi hira da Ingilishi kamar yadda aka koya mata, kafin minti biyar aji ya zama kasuwa, masu dambe na yi masu fita ta taga na yi, har sai da sarbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ya shigo da bulala, ita kuma ganin bulalar ya fi hayaniyar tayar mata da hankali, na same ta bayan aji tana share hawaye. Muka zauna ƙarƙashin bedi na ce mata yaran nan ba raina ki suka yi ba, tunda suka shiga lakwal ba a taɓa ce musu su yi magana da juna cikin aji ba, a hankali za ki kai su can. Ta koma ta fara da abin da suka saba, ta faɗa su maimaita, layi ɗaya ya yi tambaya ɗaya layin ya amsa, sannan biyu biyu a bencinsu ba tare da an motsa komai ba, ta haddace sunayensu duka wanda wallahi mu kanmu ba kowa ke yi ba, ranar kasuwa ta sayo tumatir da albasa da sabulu da ashana ta jera kan tebur, yaro ɗaya ya zama mai kanti ɗaya mai saye ana ciniki da Ingilishi ana taya wa ana cewa albarka. Kafin hutun ƙarshen shekara yaran da ko sunansu ba sa iya faɗa suna tare ta a hanya suna tambayarta ina za ta da Ingilishi, kuma ba ta taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Bugun yara kuwa an hana su sam, kuma wannan yana cikin abin da ya fi damunsu, don za ta ga abokan aiki suna yi, in ta tashi gyara kowa a wata na farko za ta rasa abokan zama, in ta yi shiru kuma ranta na ƙuna. Waɗanda suka yi dabara su ne suka bari aka ga ajinsu ya natsu ba bulala, sannan maganar ta zo da kanta a wajen shan shayi.

Sai kuma abubuwan da ba a hannunta suke ba. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba, amma a karkara sai an gama girbi yara ke cika aji. Ga yajin aikin malamai musamman 'yan kwantaragi in albashi ya makara, ga na ɗalibai, ga ranar kasuwa, ga azumi in ya faɗo cikin zafin Afrilu ko Mayu yara sun yi laushi tun ƙarfe goma. Za ta shirya darasi da dare da fitila ta je ta tarar da makaranta ba kowa. Ga gyaran takardu ɗari biyu ko uku da hannu, maki bisa ashirin, a lissafa matsakaicin kowane yaro a cika a kundin sakamako. Abin da ya fi ci musu rai kuwa, kuma ni ma har gobe yana ci mini, shi ne yarinya mai ƙoƙari da za a dawo hutu a ga bencinta wayam, a ce ai an yi mata aure ko an kore ta don ta faɗi sau biyu. Shi ya sa za ki ga kusan kowaccensu ta buɗe ƙungiyar 'yan mata ko kulob na Ingilishi da yamma, wasu su haɗa ɗan ɗakin karatu.

Amma Hajiya awoyin aji ba su da yawa, in an tashi da rana shi ke nan sauran yinin nata ne, kuma a nan ake gane wanda zai kai shekara biyu da wanda zai koma. Ba zafi ke korar su ba, ba tuwo da miyar kuka ba, waɗannan duk jiki na sabawa. Kaɗaici ne, da kuma rashin sirri, su biyun a lokaci guda. Yaro ya tashi a ƙasar da in ka gaji ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ba mai ce maka komai, ya zo inda rufe ƙofa da rana ke nufin ko ba ka da lafiya ko kana fushi da mutane. Yara na leƙe ta katanga suna kiran anasara, duk abin da ta saya a kasuwa kafin ta iso gida an sani, kowa na tambayar ina mijinki, me ya sa ba ki yi aure ba, wannan ya ce a ba shi magani wancan ya ce a kai shi Amurka, ga mutane ko'ina amma ba wanda za ta faɗa wa abin da ke ranta da harshen da take tunani da shi. Na ga waɗanda suka shige ɗaki da littattafai suna ƙirga kwanakin zuwa babban gari wajen 'yan uwansu, irin waɗannan ko sun ƙarasa ba sa jin daɗi kuma garin ma ba ya tuna su. Na kuma ga waɗanda suka ɗauki tabarma suka fito, su zauna wajen matan gida ana ɓarar gyaɗa ko ana tsinkar zogale ko da rabin hirar ba sa ji, su je suna su je biki su je gaisuwar mutuwa, a ɗinka musu anko. Irin waɗannan kafin shekara za ki ga da magariba yaro ya shigo da kwanon tuwo an rufe da faifai inna ta ce a kawo, in ta yi zazzaɓi uwar gidan ce za ta kwana a ɗakinta, in wani saurayi ya fara zarya ƙofar gidan maigida ne zai fita ya yi masa magana. A ganina tsaron da ya fi kowane ƙarfi a gare ta ke nan, kuma darasinta ma a nan yake gyaruwa, don sai ta san gidan da yaro ya fito da yawan aikin da ya yi kafin ya zo lakwal sannan za ta san yadda za ta koya masa.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗiyarki ita kanta wanda ya kamata ku zauna ku yi maganarsa tun yanzu. Baturiya fara in ta yi kuskure dariya ake yi a ce ba ta sani ba, in ta ce sannu kawai sai a yi ta murna ta iya Hausa. Ɗiyarki baƙar fata ce mai sunan Musulmi, ba za a yi mata wannan uzurin ba, in ta miƙa abu da hagu ko ta gaida babba a tsaye ko ta fita ba ɗankwali cewa za a yi ba ta da tarbiyya, wasu ma ba za su yarda 'yar Amurka ba ce, har iyayen yara su ce su Baturen gaske suka so a kawo musu. Na ga wannan ya ɓata wa baƙaƙen Amurka rai ƙwarai, don sun zo da zumuɗin sun dawo gida. Amma ta wani gefen ita ke da riba, ba a binta da kallo a kasuwa, tana sallah tana azumi tare da mutane, ana sakin jiki da ita da wuri, kuma in tana jin Hausa ko kaɗan ce to a Benin da Togo da Ghana da Kamaru da wuya ta rasa zango ko mahauci ko ɗan kasuwar da za su yi hira. Ki koya mata gaisuwa da durƙuso da ɗaurin zane tun kafin ta taso, ki kuma gaya mata doguwar riga ko siket har ƙasa shi ne kayan aikin malama, su ma ofis ɗin haka za su ce mata.

Maganar lafiya, suna da likitocinsu na kansu a babban birni da ake kira dare ko rana, ana yi musu allurai, ana ba kowa akwatin magani da matatar ruwa da sange, kuma shan maganin rigakafin zazzaɓin sauro dole ne, wanda aka kama ya daina sha ana iya mayar da shi gida. Ki ja mata kunne a kan wannan, don wanda bai tashi a nan ba jikinsa bai san cutar ba ko da iyayensa 'yan nan ne, kuma tana iya kayar da mutum cikin 'yan kwanaki. In maganin da aka ba ta yana sa ta munanan mafarkai ko damuwa ta faɗa a canza mata, akwai iri fiye da ɗaya. Gudawa da tsutsar ciki da ƙurajen zafi kam sai ta yi, kowa na yi. In ciwo ya fi ƙarfin nan su ke ɗaukar nauyin fitar da ita. Ni abin da na fi jin tsoro ma hanya ce, motocin kasuwa da ake cika wa fiye da kima, shi ya sa aka hana su tuƙa mota ko babur, aka hana tafiyar dare, a ƙasar da aka yarda su hau ɗan acaba kamar Benin kuma sai da hular kwano, wanda ya hau ba ita a bakin aikinsa.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. A watan Maris 2009 an kashe wata malamar Ingilishi mai suna Kate Puzey a ƙauyen da take aiki a arewacin Benin, bayan ta kai ƙarar wani malami da take zargi yana lalata da ɗalibai mata kuma maganar ta fita. Iyayenta suka tsaya tsayin daka har majalisar Amurka ta yi doka da sunanta a 2011, wadda ta tilasta ɓoye sunan mai kai ƙara da kuma kula da wadda aka ci wa zarafi. Tsokana da maganganun banza daga maza kuwa kusan kowace mace tana haɗuwa da su, musamman a tasha da manyan garuruwa. Ta riƙe lambar jami'in tsaronsu, in abu bai yi mata ba ta faɗa da wuri, ana canza wa mutum gari. In ƙasa ta rikice kuma ba sa jira, yadda suka kwashe na Nijar haka suka kwashe na Mali a 2015 da na Burkina Faso a 2017, a watan Maris 2020 ma saboda korona duk na duniya aka mayar gida, wajen mutum 7,000.

Kuɗi kuwa ba albashi ba ne, ɗan alawus ne duk wata da kuɗin ƙasar, wanda zai ishe ta ci da sha da mota daidai rayuwar malamin garin, jirgi zuwa da dawowa da magani duk a kansu, sannan in ta gama ana ba ta wani dunƙule da ya ɗan haura dala 10,000 kafin a cire haraji don ta tayar da zama. Akwai jami'o'in da ke rage wa waɗanda suka gama kuɗin digiri na biyu, in kuma tana da bashin karatu ta bincika tun yanzu wane iri ne, na gwamnati ana iya ɗage biyansa, na banki kuwa sai yadda suka ce. Kuma ba a ɗaure take ba, duk ranar da ta ce ta gaji za a sallame ta a saya mata tikiti.

Ki ce mata in an haɗa ta da malamin gari da za su yi aiki tare ta riƙe shi da kyau, su shirya darasi tare, ta ba shi dabarun sa yara magana shi kuma ya nuna mata abin da ke fitowa a BEPC da yadda ake tafiyar da darakta da iyayen yara, don ita shekara biyu za ta yi shi kuwa zai yi ashirin ko talatin a aji bayan tafiyarta, ni kaina wasannin da nake yi da yara har na bar aji a wajensu na ɗauka. Ke kuma Hajiya, watannin farko za ta kira ki tana kuka ta ce ba ta amfanar kowa, kar ki ce mata ta tattaro ta dawo a ranar, ki tambaye ta ta ci abinci, wa ta gaisar yau, ki ce ta sake kiran ki bayan kwana uku. In kina son zuwa ganinta ki bari sai ta wuce wata ukun farko a garinta don kafin nan ba a son baƙi, hutu kwana biyu take tarawa duk wata kuma malamai sai lokacin hutun makaranta suke iya ɗauka, saboda haka ki auna zuwanki da hutun Disamba lokacin da gari ya yi sanyi, ki kuma taho da tsaraba ta musamman don matar gidan da take zaune, turmin atamfa da turare sun isa.